Sharhi kan Ranma ½, bugun littafi 19 na Viz Media

Duk wanda ya tambaye ni ko bugun Ranma ½ na kamfanin Viz Media ya ci kuɗinsa, zan ce masa e, ya ci. Sai dai zan haɗa masa da sharaɗi biyu: kada ya kwashi duka 19 ɗin a tashi ɗaya, kuma kada ya jera su a falo inda hannun yara ke kaiwa.

Ga wanda bai san shi ba, labarin zane ne na Japan, irin wanda suke kira manga. Rumiko Takahashi, 'yar Niigata da aka haifa a 1957, ita ta rubuta, ita ta zana. Mujallar Weekly Shōnen Sunday ta riƙa fitar da shi mako-mako daga 1987 har 1996, da aka tattara ya tashi littafi 38. Viz ta taɓa fassara shi zuwa Turanci a littafi 36, ta kammala a 2006. Wanda nake magana a kai shi ne sabon bugun da ta fara a 2014 ta gama a 2017, inda ta haɗe littattafan asali biyu-biyu a bango guda. Kowanne ya kai shafi wajen 350 ko fiye, baƙi da fari, takardar ba mai sheƙi ba ce. Nawa sun zo ne ta hannun wani abokin sana'a mai odar kaya daga waje, kaɗan-kaɗan, domin in ka haɗa kuɗin littafi da dakon jirgi da canjin dala, ba abin da za ka yi wa gaggawa ba ne.

Sana'ata zane ce, ina yi wa mutane bangon littafi da kalanda da katin biki, shi ya sa abin da ya fara jan hankalina a wannan bugun shi ne an bar shafukan yadda mai su ta zana su. A tsohon bugun an juya kowane shafi kamar a madubi don Turawa su karanta daga hagu zuwa dama. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Duk mai amfani da hannun dama ya koma bahago. Rigar gargajiya ta Japanawa kuwa, ɓangaren hagu ake ɗorawa a kan na dama, akasin haka gawa ake yi wa, sai ga dattawan labarin suna zaune suna shan shayi cikin shigar mamata. Kuma duk mai zane ya san in ya ɗaga aikinsa a gaban madubi, 'yar karkatar da idonsa bai gani ba sai ta fito fili. Yanzu an gyara duk wannan. Daga dama ake buɗe littafin, daga dama ake bin akwatunan zane, kuma mu da muka tashi da allo a hannu wannan bai zama mana baƙon abu ba, shafi biyu ko uku ido ya saba. Kaurin littafin ne kawai ke buƙatar lallaɓawa: kada a danne shi ya kwanta baje don a ga zanen da ya shiga tsakiya, musamman lokacin hunturu da komai ke bushewa.

Labarin kansa ba shi da wuyar faɗa. Ranma Saotome saurayi ne ɗan shekara 16 wanda ubansa, Genma, ya yi ta yawo da shi tun yana ƙarami yana koya masa faɗa irin na 'yan kunfu. Yawon ya kai su wani wurin horo a lardin Qinghai na ƙasar Sin mai suna Jusenkyo, inda akwai tafkuna fiye da ɗari, kowanne da abin da ya taɓa nutsewa a cikinsa. Wanda ya faɗa tafki, siffar abin da ya mutu a ciki za ta bi shi. Uban ya faɗa na dabbar panda. Ɗan ya faɗa wanda wata budurwa ta nutse a ciki shekara 1,500 da suka shuɗe. Tun daga ranar, ruwan sanyi na taɓa shi sai ya zama mace, ruwan zafi ya mayar da shi namiji. A haka suka sauka gidan Soun Tendo a unguwar Nerima ta Tokyo, aminin Genma, wanda suka yi wa juna alkawarin haɗa 'ya'yansu aure tun kafin a haife su. Cikin 'ya'yansa mata uku, yayyen biyu suka tura auta, Akane, wadda ta ƙi jinin maza, suka ce ai ta yi sa'a tunda rabinsa mace ne.

Takahashi ta san abin da take yi da ta zaɓi ruwa. Babu inda mutum zai je ya kuɓuce masa. Ruwan sama, kududdufin kifin da ke tsakar gida, tsohuwar da ke yayyafa ruwa da ludayi a ƙofar gidanta da sassafe, bokitin da aka zubo daga bene, duk sun isa. Saboda haka butar ruwan zafi ta zama kamar ɗaya daga cikin 'yan wasan, kullum wani na gudu da ita a hannu. Sauyin kan faru tsakanin akwatin zane ɗaya da na gaba, babu haske, babu hayaƙi, babu dogon bayani: a nan yaro ne dogo, a can yarinya ce gajera cikin rigar da ta yi mata yawa, kitson nan guda ɗaya na bayan kai ne kaɗai bai canza ba. A matsayina na mai zane, wannan ƙarancin kashe tawada yana burge ni ƙwarai.

Amma abin da ya riƙe ni har na bi jerin zuwa ƙarshe wani abu ne daban. Ranma ba ya sauyawa. Bakin nan nasa marar linzami, girman kan, kwaɗayin abinci, ƙin yarda a kayar da shi, duk suna nan ko a wace siffa yake. Mutanen da ke kewaye da shi ne suke sauyawa, kuma a nan ne littafin yake nuna abin da bai faɗa da baki ba.

Dubi haɗuwarsa ta farko da Akane. Ana ruwan sama ya iso, don haka a mace ta fara ganinsa. Ita ce ta fara miƙa hannun ƙawance, ta ja baƙuwar zuwa ɗakin horo suka gwada ƙarfi, baƙuwar ta yi nasara cikin sauƙi, Akane ta yi murmushi ta nuna ta ji daɗi da ya kasance mace ce ta kayar da ita ba namiji ba. Jim kaɗan bayan haka ta shiga banɗaki ta tarar da namiji a bahon ruwan zafi. Mutum ɗaya ne, bai ƙara ba bai rage ba, amma ƙawancen nan da aka ƙulla da yamma ya wargaje kafin a ci abincin dare, kuma littafi 19 ana ta ƙoƙarin maido da abin da aka samu a kyauta a shafukan farko. Na sha komawa wannan babin.

Ko Kuno, babban ɗalibi mai takobin itace a makarantar Furinkan, wanda ya tsani Ranma namiji kamar ya kashe shi, ya kuma mutu a kan son "yarinya mai kitso", yana kai mata furanni. Ana sauyawa a gaban idonsa amma ya ƙi gani, don abin da yake so ya gani ya fi masa gaskiya daɗi. Misalin da ya fi kowanne kaifi shi ne na Shampoo, 'yar wata ƙabilar mayaƙan mata a Sin. Dokarsu ta ce in baƙuwar mace ta kayar da ke, ki bi ta har ƙarshen duniya ki kashe ta, in kuwa baƙon namiji ne, ki aure shi. Ranma ya kayar da ita yana mace, ya sake kayar da ita yana namiji. Aiki ɗaya, hannu ɗaya, hukunci biyu: kisa da aure. Ban san wata hanya da ta fi wannan gajarta wajen nuna yadda al'umma ke auna abin da mutum ya yi da jikin da ya yi shi da shi ba.

Shi ma Ranma yana koyon cin moriyar abin. Akwai wurin da ya mayar da kansa mace don kawai ya zauna a shago ya sha askirim mai ado da 'ya'yan itace, domin a ganinsa kunya ce a ga namiji da irin wannan kofin a gabansa. Abin dariya ne, amma duk namijin da ya taɓa hana kansa wani ƙaramin abu marar laifi don kada a ce ya yi abin mata, zai gane wurin. Yana kuma amfani da murmushin budurwa ya samu ragi wurin masu sayar da abinci, ya yaudari abokan gaba. A gefe guda kuma yana ɗanɗana abin da 'yan mata ke sha: kallon da ba a so, hannun da ba a gayyata ba, raini kafin a gwada ƙarfi.

Wannan jigon ba Takahashi ta ƙirƙiro shi ba, ta tarar da shi da dogon tarihi a ƙasarta. A 1629 hukuma ta hana mata hawa dandalin wasan kabuki, maza suka karɓi rawar mata, har hakan ya zama ƙwarewa mai zaman kanta da ake gado. A 1913 wani attajiri mai kamfanin jirgin ƙasa, Ichizō Kobayashi, ya kafa ƙungiyar wasan Takarazuka, wadda mata zalla ne a cikinta, su ke fitowa a sarki da soja da saurayi, kuma har yau tana cika zaure. Osamu Tezuka, wanda ake kira uban manga na zamani, a garin Takarazuka ya girma yana kallon waɗannan wasanni, kuma a 1953 ya fara labarin gimbiya Sapphire da aka raina a matsayin yarima don mace ba ta gadon sarauta. A 1972 Riyoko Ikeda ta zo da Oscar, 'yar janar ɗin Faransa da ubanta ya raina a matsayin ɗa har ta shugabanci dogaran sarauniya Marie Antoinette. Waɗannan labarai biyu duk a mujallun 'yan mata suka fito, duk mace ce cikin tufafin maza, kuma da nauyin zuciya ake ba da su. Takahashi ta juya abin: ta kai shi mujallar samari, ta ɗora shi a kan namiji, ta wuce tufafi ta taɓa jikin kansa, sannan ta mayar da shi abin dariya. Mu ma mun san ɗan wani abu mai kama da haka a tashen watan azumi, inda yarinya kan saka babbar riga da hula ta fito a mijin wasa, unguwa ta yi dariya ta ba da tukuici, kowa ya san wa ke cikin rigar.

Inda littafin ya fi taɓa ni shi ne wajen iyaye. Genma uba ne da ba ka fatan wa kowa: ya sha yin alkawarin aurar da ɗansa don abin da zai ci, in rigima ta taso kuma sai ya watsa wa kansa ruwan sanyi ya koma panda, ya zauna yana wasa da taya kamar bai san zancen ba. Ɗaya daga cikin waɗanda ya cuta ita ce Ukyo, wadda ke shigowa a littafi na 5. Ubanta mai sayar da wata irin waina ce ta fulawa da kabeji, ya ba da keken sana'arsa a matsayin kayan aurenta da Ranma tun suna yara. Genma ya tura keken ya gudu, ya bar yarinyar a bakin hanya. Gorin da ta sha ya sa ta ajiye shigar mata, ta koma ta maza, ta yi makaranta a cikin maza, ta yi shekaru tana horo don ramuwa. Babu tafki a labarinta, babu tsafi. Wulaƙanci ne ya sauya mata tufafi.

Sai Nodoka, mahaifiyar Ranma, a littafi na 11. Ranar da Genma zai tafi da yaron, ya yi mata alkawari a rubuce cewa zai mayar da shi namiji cikin maza, in ya gaza shi da ɗan za su farke cikinsu da takobi irin na samurai. Yaron bai ma iya magana sosai ba aka dangwala tafin hannunsa a takardar. Shekaru suka wuce, ga uwa ta zo neman ɗanta, mace mai ladabi da taushin murya, takobi a naɗe cikin ƙyalle a hannunta ko'ina ta je. Ranma kuwa dole ya watsa wa kansa ruwa ya ce shi Ranko ce, 'yar uwar Akane. Yana zaune kusa da mahaifiyarsa, tana gyara masa gashi, tana koya masa natsuwar 'ya mace, tana ba shi labarin ɗan da take kewa, shi kuma ba shi da halin cewa Mama ni ne. Takahashi ba ta daina barkwanci a waɗannan babuka ba, amma a nan dariyata takan tsaya a maƙogwaro. Na san samari da dama da aka ɗora wa wannan kalma ta "namiji" tun ba su san ma'anarta ba: kada ka yi kuka, kada ka nuna tsoro, kada ka dawo gida an kayar da kai. Tafkin Sin bai kai wannan takardar nauyi a wuyan Ranma ba. In don waɗannan babukan kaɗai ne, ban yi asarar kuɗina ba.

To ga aibobin, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko tsiraici. Ana nuna ƙirjin mace a buɗe sau da yawa, galibi na Ranma, a wurin wanka ko bayan an sauya siffa. Ba a zana shi da salon batsa ba, amma yana nan, kuma 'yan shekara 16 ne a labarin. Viz da kanta ta sa wa jerin alamar manyan matasa, ni kuwa a gidanmu na ɗauke shi littafin manya. Na biyu Happosai, tsohon malamin Genma da Soun, wanda ke bayyana a littafi na 4. Ɗan ƙaramin tsoho ne mai satar kamfan mata da kai musu hannu, an kuma gina babuka da yawa a kan cewa wannan abin dariya ne. Ban taɓa jin ya ba ni dariya ba, kuma yana ɓata ainihin abin da littafin ya iya nunawa game da halin da mata ke shiga. Duk inda ya fito nakan yi saurin juya shafi. Yadda ake zana mutanen Sin ma, da karyayyen harshe da dabarun tsafi, ya tsufa ƙwarai.

Akwai kuma maimaici. Labarin mako-mako ne da ya yi shekara tara, daga tsakiya za ka fara gane ƙirar: sabon abokin gaba ko sabon maganin tsafi, rashin fahimta, Akane ta fusata, a koma inda aka fara. Gasar faɗa da shayi, faɗa da kai saƙon abinci, faɗa da wasan ƙanƙara, wasu suna da daɗi, wasu cika shafi ne. Wanda ke jiran ƙarshe mai ɗaure kowane zare ya rage buri tun yanzu.

Dole kuma in yi magana a kan abin da na san zai zo zuciyar mai karatu Musulmi, don ya zo tawa. Mun san hadisin da ya yi hani ga namiji ya kwaikwayi mace ko mace ta kwaikwayi namiji, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Gaskiyar abin da ke cikin littafin ita ce: shi Ranma bai zaɓi halinsa ba, hatsari ne ya same shi, kuma daga farko har ƙarshe neman magani yake. Amma yakan saka kayan mata da gangan don dabara, kuma akwai waɗanda shigar zaɓinsu ce, kamar Tsubasa, yaron da ke shigar 'yan mata, da Konatsu, wanda aka raina a matsayin mace. Littafin ba ya wa'azi a kan haka, ba ya kira zuwa gare shi, ba ya kuma hani. Takahashi ta taɓa faɗa a wata hira cewa ba wata manufar gyaran al'umma ta sa ta a gaba ba, dabara ce mai sauƙi da ta ga za ta ba da nishaɗi. Duk da haka, a ƙasashen waje akwai masu karatu da yawa da ke cikin damuwa game da jinsinsu waɗanda suka ce sun ga kansu a Ranma, kuma yawancin muhawarar da za ka tarar a intanet ta wannan fuskar take. Na faɗi wannan ne don kowa ya san abin da zai shigo da shi gidansa, ya yanke wa kansa hukunci da saninsa.

Wanda kuɗin littafi ya yi wa yawa, akwai sabon katun ɗin da kamfanin MAPPA ya yi, wanda ya fara fita a Oktoban 2024 kuma yana Netflix. Zangon farko kashi 12 ne, ya kai har zuwan Shampoo, ya bi littafin sau da ƙafa fiye da tsohon katun na 1989 zuwa 1992 mai kashi 161, kuma an rage tsiraicin. Kappei Yamaguchi da Megumi Hayashibara, waɗanda suka yi muryar Ranma namiji da mace tun wancan lokaci, su aka sake kira bayan shekara fiye da 30. Yana da kyau, launukansa masu taushi ne. Sai dai saurin hannun Takahashi, yadda take ajiye abin dariya daidai inda za ka juya shafi, a takarda kawai ake samunsa.

Shawarata ga mai saye: ya fara da littafi na 1 zuwa na 3. A cikinsu akwai haɗuwa da Akane, yanke gashinta da kukan da ya biyo baya, zuwan Ryoga mai ɓatan hanya wanda ke komawa ɗan baƙin alade, da Shampoo da kakarta Cologne wadda ta taɓa wata jijiya a jikin Ranma har ya kasa jure ruwan zafi ya maƙale a mace. Nan ne jerin ya fi ƙarfi. In sun yi masa, ya tsallaka zuwa na 5 don Ukyo, sannan na 11 don Nodoka. Tunda yawancin labaran gajeru ne masu cin gashin kansu, tsallaken ba zai ɓatar da shi ba, sauran kuma ya cike su a hankali yadda aljihu ya ba da dama.